Darasi na 9: Tsayuwa kan Sana'a a Zongon Lome

Yawancinku da ke zaune a ajin nan kuna da sana'a a hannu. Akwai mai koko da ƙosai, akwai tela, akwai mai tsire, akwai mai tireda a ƙofar gida, akwai wanda tun yana yaro yake bin shanu kasuwa. Saboda haka darasin nan ba zai koya muku ciniki ba, kun fi littafi saninsa. Tambaya ɗaya za mu bi. Me ya sa mutum biyu za su fara sana'a iri ɗaya, a layi ɗaya, da jari kusan ɗaya, amma bayan shekara 5 a tarar ɗaya ya ƙara rumfa, ɗayan kuwa ko teburinsa babu? Arziki na Allah ne, wannan ba abin musu ba ne. Amma a cikin abin da aka bar wa bawa a hannunsa, babu mai nauyin tsayuwa: a same ka inda aka saba samunka, ka biya ranar da ka ce za ka biya, ka bar jari a cikin sana'a ko da gida yana kuka. Tarihin unguwarmu ma kaɗai ya isa shaida.

Unguwar da aka tayar

Hausawa ba baƙin jiya ba ne a Lome. Tun wajen 1880, lokacin da garin bai wuce rumfunan 'yan kasuwa a bakin teku ba, akwai fataken arewa a cikinsa. Jamusawa sun kafa mulkinsu a Togo a 1884, suka mai da Lome babban birni a 1897. Ana tsakiyar haka, a 1892, yaƙin basasa ya ci Salaga ta ƙasar Gonja, wadda ita ce babbar kasuwar goro a wancan zamani. Fataken da ke can suka watse, wasu suka zauna Kete-Krachi, wasu suka gangaro bakin ruwa. Haka Zongon Lome ya yi ta cika da Hausawa, da Zabarmawa, da Fulani, da Yarbawa, da Kotokoli, kowa da harshen gidansu, amma in an zo ciniki da Hausa ake yi.

A 1977, zamanin Janar Gnassingbe Eyadema, gwamnati ta tayar da tsohon Zongo da ke cikin gari. Inda gidajen suke, yau manyan gine-ginen bankuna ne. Aka ba mutane filaye a wajen Togblekope, kimanin kilomita 15 arewa da birni, a bakin hanyar da ta bi ta Atakpame, Sokode da Kara har Sinkase. A lokacin wurin bayan gari ne, nesa da kasuwa, nesa da tashar jiragen ruwa, ga kogin Zio da ke tumbatsa in damina ta yi ƙarfi. Akwai dattawan da suka ga wannan rana da idonsu, kuma suna nan da rai. In akwai ɗaya a ajinku, ku rufe littafin ku saurare shi tukuna.

Ku auna halin ɗan kasuwan da ya wayi gari ba zauren saukar baƙo, ba ɗakin ajiyar kaya. Bisa lissafi, ya kamata fatauci ya kuɓuce daga hannun mutanen Zongo a wannan shekara. Bai kuɓuce ba. Wani Bafaranshe mai bincike, Michel Agier, ya zauna da mutanen unguwar jim kaɗan bayan tashin, ya fitar da littafi a kan 'yan kasuwarta a 1983, inda ya bayyana tsarin da ya riƙe cinikin. Tsarin kuwa kun san shi, domin shi ne na maigida da baƙonsa.

Falke ya taso da shanu daga Nijar, ko Burkina Faso, ko arewacin Togo wajen Dapaong da Mango. Ya iso Lome bai san mahauci ko ɗaya ba, ba ya jin Ewe, ba ya jin Mina. Sai ya sauka gidan maigidansa. Maigida ya ba shi ɗaki da abinci, ya ajiye masa kuɗinsa, ya sa yara su kula da dabbobin, dillalai su nemo masu saye. Mahauta galibi ba su da kuɗin sa a hannu, sai sun yanka sun sayar. Don haka bashi ake ba su, maigida ya tsaya lamuni. Ranar biya in ta zo mahauci bai kawo ba, maigida ne zai nemo kuɗi ya sallami falke, sa'an nan ya koma bin nasa a hankali. La'adar da yake samu kan kowace dabba ba ta taka kara ta karya ba in an gwada ta da nauyin da ya ɗauka. Abin da ya sa yake yi shi ne falken zai koma garinsu ya ba da labari, baɗi ya dawo da ƙanensa, bayan baɗi kuma da maƙwabcinsa. Maigidan da ya saɓa wa baƙo sau ɗaya, labarin zai riga shi isa arewa.

Katafila ta ture bango da zaure a 1977. Ba ta da yadda za ta yi da shekara 20 da mutum ya yi yana biya a ranar da ya ce. Baƙi suka bi masu gidansu har inda suka koma, ciniki ya ci gaba. A kasuwa irin tamu, inda mutum ɗaya cikin da yawa ne yake da takardar fili da zai kai banki, yardar mutane ita ce babban jari, kuma ba a tara ta sai da kwanaki masu kama da juna, yau ka cika, gobe ka cika, jibi ma haka.

Aikin da mai saye ba ya gani

Wata safiya ku tsaya kusa da mai goro kafin kasuwa ta ci. Zai kwance huhu ya zazzage a kan buhu, ya riƙa bin goron ɗaya bayan ɗaya yana juyawa da yatsa. Wanda ya fara baƙi ya ajiye gefe, wanda sankara ta huda ya ware shi nesa da sauran. Ganyen da ya bushe ya zubar, ya shimfiɗa ɗanye, ya yayyafa ruwa daidai gwargwado, domin in ya yi yawa goro ya ruɓe, in ya yi kaɗan ya yanƙwane. Sa'an nan ya mayar, ya ɗaure, ya jingine a inuwa. Babu wanda ya biya shi ko dala a kan wannan wahala, kuma bayan 'yan kwanaki zai sake ta daga farko. In ya yi kasala ya tsallake sau biyu ko uku, sankara ta bi huhun ta gama da shi. In ya jure wata da watanni, goron ya zama daushe, masu sanin goro su zo nemansa da kuɗin da ya fi na sabo.

Kowace sana'a tana da irin wannan aiki. Tela yana da sa wa keke mai da share zare kafin ya tashi. Mai tsire yana da wanke faranti da wasa wuƙa. Mai tireda yana da duba ranar lalacewar madara da tumatirin gwangwani, ya jawo tsohon kaya gaba ya tura sabo baya. Ba a yabon mutum a kan waɗannan, shi ya sa su ne ake fara bari in gajiya ta zo. A nan ake fara karyewa, tun watanni kafin kowa ya lura.

Lissafin mai koko

Mu ɗauki misalin mace mai koko da ƙosai a bakin hanya. Alƙaluman nan na misali ne kawai, kowa ya sa nasa a gurbinsu. Kullum tana sayen masara ta sefa 2,500, wake na 3,000, mai na 2,000, gawayi na 1,000, sukari na 1,000, niƙa da leda da ruwa kuma 500. Jarinta ke nan, sefa 10,000. In ta sayar duka ta tashi da 13,000. Ribarta 3,000.

To, a ce a wata ɗaya ta yi fashin kwana 5: biki biyu, suna ɗaya, zaman makoki, da ranar da jiki ya yi nauyi. Asarar da ake iya ƙirgawa ita ce sefa 15,000. Wadda ba a ƙirgawa ta fi ta girma. Direban tirela da ya kwana a tashar manyan motoci ta Terminal du Sahel ya fito da asuba bai same ta ba, ya haƙura. Ya sake fitowa bai same ta ba, sai ya tsallaka wajen maƙwabciyarta. Kokon can ma ba laifi, kuma kullum ana samu. Ya tafi ke nan, har da yaran motarsa.

Ba ana cewa a yanke zumunci saboda koko ba ne. Wanda ba ya zuwa sabgar mutane, ranar tasa shi kaɗai zai zauna, kuma kasuwar Zongo kanta a kan zumunci take tsaye. Amma koko da hantsi yake ƙarewa, taron biki kuwa sai bayan azahar yake kankama. Ranar da fita ta zama dole, ya kamata a ce akwai ƙanwa ko 'ya da aka riga aka koya wa damu da suya da awon ludayi, don kada murhu ya kwana ba wuta. Mai sana'ar da ba ta koya wa kowa ba, zazzaɓin kwana 3 ya isa ya rufe ta.

Jari da kunya

Yanzu mun zo inda ya fi wuya, kuma a ganina nan ne sana'o'inmu suka fi mutuwa. Ba haraji ne ya fi kashe su ba, ba kuma tsadar kaya ba, duk da cewa waɗannan ma suna cizo. Kunya ce. Kawu ya zo da yamma ya ce, "'Yata, ba ni jaka biyu, ran Juma'a zan kawo." Ɗan maƙwabta ya zo da kwano, "Inna ta ce a zuba, za ta aiko." Abokin ƙuruciya ya ɗauki kwalin sabulu ya ce a rubuta. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma mai sana'a ma da bashi yake ɗauko kaya, saboda haka ba ya iya cewa sam. Amma ku koma kan lissafin mai koko. In kullum sefa 1,000 ya fita daga jari ban da riba, kafin kwana 10 babu abin zuwa kasuwa. Tun kafin nan ma za a ga alama: yau an rage wake, gobe an rage mai, ƙosai ya ƙanƙance, masu saye suka fara ƙorafi.

Maganin da iyayenmu suka sani shi ne raba ma'aji. Kuɗin kaya gwangwaninsa daban, riba nata daban. Da an tashi kasuwa, a fara cika na kaya har ya kai yadda yake da safe, abin da ya saura shi ne naki. Daga nan ake cefane, daga nan ake gudummawa, daga nan ake sadaka. In kawu ya zo, ba sai an ɗaga murya ba, ba kuma sai an yi ƙarya ba. A ce masa, "Kawu, wancan kuɗin kaya ne, na mutane ne, ba ni da iko da shi. Ga abin da ya sawwaƙa daga nawa, ba bashi ba ne, ka yi haƙuri da shi." Kyautar 500 daga riba ta fi bashin 2,000 daga jari, domin kyauta ba ta ɓata zumunci, bashin da ba a biya ba kuwa yana sa mutum ya daina bi ta ƙofarki.

Magidanta, akwai magana a nan da ta shafe mu kai tsaye. Da yawa daga cikin sana'o'in mata a unguwar nan kuɗin cefane ne yake cinye su. Maigida ya fita bai bar komai ba, yana cewa ai tana sayar da abu. A shari'a dukiyar mace tata ce, ciyarwa kuma a wuyan miji take. In ta taimaka alheri ta yi, in kuma ka ranta, to rance ne, ka mayar kamar yadda za ka mayar wa abokin cinikinka na kasuwa. Gidan da aka bar jarin uwargida ya girma, shi ne gidan da ba a koro yara daga makaranta ranar da maigida ya kwanta ciwo.

Bayan raba ma'aji sai tari. Adashi kun san shi, haka ma masu zagayawa da kati mai gida 31, waɗanda suke karɓa kullum su riƙe zubin kwana ɗaya ladan aikinsu. Mai zuba sefa 500 za ta karɓi 15,000 a ƙarshen wata, a shekara 180,000. Kuɗin babbar tukunya ne da benci da rumfar kwano. Sai dai a san hannun da ake ba wa, domin an sha ganin mai karɓa ya ɓace da gumin mutane. Akwai cibiyoyin ajiya da rance da hukuma ta san da su, irin su FUCEC-Togo da WAGES, akwai asusun FNFI da gwamnati ta buɗe a 2014 don masu ƙaramin ƙarfi, ga kuma ajiya a waya ta Flooz ko T-Money, wadda yanzu ake kira Mixx. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da kuɗin ruwa ba, ya tambayi malamai kafin ya sa hannu, kuma ajiya ba ta wajabta cin rance ba. Abin lura shi ne, ko waɗannan cibiyoyi in za su ba da rance, tarihin zubinka suke fara dubawa. Abin da maigida yake dubawa a wurin mahauci, shi suke dubawa, sai dai su a takarda.

Takarda kuwa ita ce dalilin zamanku a ajin nan. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ƙaramin littafi ya isa: kwanan wata, sunan mutum, abin da ya ɗauka, nawa ne, yaushe ya ce zai kawo. Da boko ko da ajami, duk ɗaya ne, muddin kai za ka iya karantawa gobe. Mai bashi in ya ga an buɗe littafi an rubuta a gabansa, ya san ba mantawa za a yi ba, kuma ranar biya babu "ai uku ne" da "a'a, biyar ne".

Abin da tsayuwa ba ta iya hanawa

Kada wani ya karanta darasin nan ya fita yana zargin duk wanda ya karye da lalaci. Akwai abin da ya fi ƙarfin ɗan kasuwa. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi: faran ɗin Faransa ɗaya da yake sefa 50 ya koma 100, kayan waje suka yi tashin gwauron zabo. Hatta Nana Benz, manyan matan kasuwar Adawlato da suka yi suna da atamfar Vlisco ta Holan, sun ji a jikinsu, daga baya kuma atamfa mai araha daga ƙasar Sin ta ƙara matse su. A Janairun 2013 wuta ta cinye kasuwar Kara, bayan kwana biyu ta cinye babban ginin Adawlato. A Disamban 2023 ta kama kasuwar Agoe-Assiyeye, nan kusa da mu. Mutane sun kwanta da dukiya sun tashi da toka, ba tare da laifin komai ba. Allah Ya mayar musu da alheri.

Amma ku nemi waɗanda suka farfaɗo bayan irin wannan masifa ku tambaye su da me suka sake tashi. Za ku ji amsa biyu suna yawan dawowa. Ko dai akwai ɗan abin da aka ajiye a wajen rumfa, ko kuwa wanda ake sarin kaya a wurinsa ya ce, "Hajiya, ɗauki ki fara, mun san ki." Wannan kalma ta "mun san ki" ba ranar gobara ake neman ta ba. Tun shekarun da ake biya a kan kari aka riga aka same ta.

Tsayuwa kuma ba taurin kai ba ce. Shanun da a da ake korowa a ƙasa, yau a mota suke isowa Adetikope, tumaki da awaki kuma ga su a Gbossime. Waɗanda suka riƙe cinikin sun bi shi duk inda ya juya. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, da goron Gonja ya fara. Bayan jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, kasuwar gyaɗa ta buɗe, sai ya shiga sayenta, kuma kafin rasuwarsa a 1955 ana lissafa shi cikin mafiya dukiya a Afirka ta Yamma. Haja ya sauya, bai bar kasuwa ba, bai kuma zubar da mutanen da ya saba da su ba. Ban kawo shi don ku auna kanku da shi ba. Ga mai ƙaramar sana'a, in ta ciyar da gida, ta biya makaranta, ta kai baɗi jarinta bai ragu ba, ta yi nasara, kuma nasara ce babba.

Abin da ke cutar da samarinmu dabam ne. Bana saurayi yana sayar da waya a Dekon. Ya ji an ce gwanjo na tafiya a Hedzranawoe, ya karyar da wayoyin ya sari dila. Wata 4 bai ga abin da ya zata ba, ya sayar ya sayi babur ya shiga zemijan. Ba ɗaya daga cikin ukun da ba sana'ar halal ba ce, kuma kowacce tana riƙe da gidaje. Amma kowace sana'a tana da kuɗin makarantarta, wato asarar da sabon shiga yake yi kafin ya gane kaya mai kyau da marar kyau, ya san wa ake ba bashi, wa ake hanawa, wane wata ne kasuwa take mutuwa. Mai tsalle-tsalle kullum yana biyan kuɗin aji ɗaya, bai taɓa zama ya ci amfanin karatun ba.

To, yaushe ne ya dace a sauya? Littafinka ne zai gaya maka, ba hirar majalisa ba. In ka yi wata 6 kana fitowa kullum, ba ka ci jari ba, ba ka rabar da shi bashi ba, amma yana ta raguwa, ka duba kuma maƙwabtanka na layi duk haka suke, to kasuwar hajar ce ta juya, sai a nemi abin da ke kusa da ita wanda sanin da ka tara zai yi maka amfani a cikinsa. In za ka tashi kuma, ka tashi da rana tsaka. Ka je wurin wanda kake sari ka gaya masa, ka biya abin da ya rage ko ku yanka rana. Wanda ya sulale da dare ya kashe waya, ya rufe wa kansa ƙofa, ya kuma rufe wa ƙannensa.

A yanzu ma akwai juyin da ke wucewa ta ƙofarmu. Tun bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 da rufe iyakarta da Benin, kaya masu yawa na Nijar ta tashar Lome suke sauka, su hau hanyar arewa, su ratsa Burkina Faso zuwa Yamai. Motocin nan ta Zongo suke bi. Mai abinci, mai shayi, mai faci, bakanike, mai sayar da igiya da tampol, kowa yana da rabo a ciki. Hanya tana iya sake juyawa, domin siyasa ce ta kawo ta. Direban da ya saba da hannunka kuwa, in ya sake shigowa Lome ko bayan shekara nawa ne, wurinka zai nufa, in ya same ka a inda ya bar ka.

Yaro da maigida

Sana'a a wurinmu a hannun wani ake koyon ta. Yaro ya yi shekaru yana ɗaukar kaya, yana kwana a shago, ana aikensa da kuɗi ana gwada amanarsa. Tela ko bakanike ya yi shekara 3 ko 4 kafin a yaye shi. Ga yara, shawarar gajeriya ce: kada ka tashi saura kaɗan, domin abin da ake koya a shekarar ƙarshe, wato sanin mutane da inda ake sari, ya fi duk abin da ya gabata. Ga iyayen gida kuwa, tsayuwar da kuke nema a wurin yaro ku ma ana neman ta a wurinku. A al'adar Zongo maigida yakan ba yaronsa jari, ya tsaya masa wajen aure, ya gabatar da shi ga abokan ciniki. Riƙe yaro shekara 10 ba sallama, ba jari, ba rana tsayayya, zalunci ne, kuma shi ne yake koya wa yara ɗan hali. Ku yanka lokaci tun farko a gaban shaidu, ku kuma cika.

Tambayoyi da aiki

1. A wace shekara aka tayar da tsohon Zongo, kuma me ya sa baƙin fatake suka bi masu gidansu zuwa sabon wuri?

2. Mai koko tana cin ribar sefa 3,000 a rana. In ta yi fashin kwana 4 a kowane wata, nawa ta rasa a shekara?

3. Ku zauna biyu-biyu. Ɗaya ya zama yaya ko gwaggo mai neman bashi, ɗaya ya zama mai tireda. Ku nemo kalmomin da za a hana bashi da su ba tare da an ɓata zumunci ba, sa'an nan ku maimaita a gaban aji.

4. A sana'arka, wane aiki ne mai saye ba ya gani amma in an bar shi kaya su lalace? Yaushe rabonka da yin sa?

Aikin gida na mako guda ne. Kowa ya sami ƙaramin littafi, ya raba shafi gida uku: abin da na saya, abin da na sayar, abin da ya fita ba ta hanyar ciniki ba. A rubuta kullum kafin a kwanta, har da kuɗin goro da na zemijan, har da abin da aka ba yaro ya sayi alewa. Kada a gyara alƙalami don kunyar malami, littafin naku ne, ba wanda zai karanta shi a bainar jama'a. Ku zo da shi ranar darasi na gaba. Wanda hannunsa bai faɗa da rubutu ba tukuna, ya sa ɗansa ya rubuta masa, ko ya zo da lissafin a ka, za mu zauna mu rubuta tare.